Bazazzage Zai Kai Hajiya Cin Abincin Sinawa

Zuwa ga bawana Bazazzage. Yaya zaman biyayya ga iyayen gijinku Kanawa?

Saƙonka ya iso. Ka ce Hajiya, mahaifiyarka, za ta cika shekara 60 a duniya, kuma kai da bakinka, ba wanda ya tsare ka da bulala, ka yi alkawarin kwaso zuri'a kaf tun daga Tudun Wada zuwa Kano domin a ci abincin dare a gidan abincin Sinawa. Kana roƙo in kama muku tebur, in kuma taya ka zaɓen abin da za a ci. Na ji, na karɓa. Ko ba komai ka san inda ake dosa in an tashi neman wayewa. Duk digirorin da kuke tarawa a Samaru tun 1962, ranar da za a ci abinci mai kyau sai an biyo ta Kwanar Ɗangora. Kafin tebur dai sai ka sha shawara, ita kaɗai ce za ka samu kyauta a wannan harka.

Ka zo wurin masu abin. Mu nan mun daɗe da Sinawa. Suna Kantin Kwari, alhazanmu suna Guangzhou, har a 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa wa wani ɗan kasuwarsu, Mike Zhang, rawanin Wakilin 'Yan China. Gidan rediyonsu ma tun 1963 yake watsa shirye-shirye da Hausa. Kai kuwa iyakar saninka da su finafinan kunfu da ka leƙa ta tagar gidan kallo a Sabon Gari, sai wayar da ke aljihunka.

Mu fara da ranar. Wa ya gaya maka ita? Abin da Hajiya ta sani, ta kuma sha faɗa, shi ne an haife ta da damina, shekarar da aka kashe Sardauna, Allah ya jiƙansa, wato 1966. Yaron da ya cika mata takardar katin ɗan ƙasa ya rubuta 1 ga Janairu, kamar yadda ya rubuta wa duk tsofaffin da ke layin don ya samu ya tashi da wuri. Damina a Janairu sai dai a Zazzau. Kai kuma ka yi watsi da damina, ka yi watsi da kati, ka ɗora ranar haihuwar uwarka a kan Asabar ɗin da ta biyo bayan shigowar albashi. Sannan ka shirya amsar da za ka ba Kawu Malam, don tun daga zaure zai tambaye ka a wane littafi ka ga bikin zagayowar ranar haihuwa. Kada ka ja da shi, zai kayar da kai. Ka ce masa walimar godiya ga Allah ce da ya ja da ran mahaifiya, ka kuma roƙe shi ya buɗe taro da addu'a. Sauran muhawarar ka bar wa malamai, ba fagenka ba ne.

Amma a wuri ɗaya ka yi tsintar dami a kala. A wajen Sinawa cika 60 babban al'amari ne. Lissafin shekarunsu na gargajiya yana tafiya ne da dabbobi 12 da abubuwa 5: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Sai an yi shekara 60 cif kafin dabba ɗaya ta sake haɗuwa da abokin tafiyarta na farko. Shekarar 1966 ta doki da wuta ce, 2026 ma haka. A ganinsu wanda ya kai nan ya kewaye da'ira guda, 'ya'ya da jikoki su taru su girmama shi. Ka lura da kyau: shi ake girmamawa. Kujera mafi daraja tasa ce, loma ta farko tasa ce, abin da haƙorinsa zai iya aka dafa. Na karanta saƙonka daga sama har ƙasa. Na ga launin shaddar da za ka sa, na ga maganar mai ɗaukar hoto, na ga har abin da za ka rubuta a Facebook. Ban ga inda ka ce ka tambayi Hajiya me take son ci ba.

Kafin farashi, kafin ƙawar ɗaki, tambayar farko ita ce me ke shiga tukunya. Naman da Sinawa suka fi ci alade ne, kusan rabin wanda duniya ke ci a ƙasarsu ake cinye shi. Kuma ba kullum yake fitowa fili ba. Yana ɓuya cikin 'yan ƙulle-ƙullen fulawa da ake turarawa, ana yayyanka shi ƙanana a zuba cikin soyayyar shinkafa, ana tafasa ƙashinsa a yi romo, ana suya da kitsensa. Ga kuma giyar shinkafa ta Shaoxing, wadda ake jiƙa nama da ita, ake kuma tsiyaya ta cikin kasko wuta na ci. Kaza ce a faranti, ba gardama, amma da me aka yi mata wanka? Ban ce gidan da za mu je haka yake ba, mai gidan abinci a Kano ya san su wa ke cika masa kujeru. Sai dai zuwa da kai ya fi saƙo. Ka zo tun kafin ranar, ka nemi manaja, ka ajiye Turancin nan naka na burga ka yi tambaya dalla-dalla. A ina kuke sayen nama, wa yake yanka? Akwai alade a kicin ɗin nan? In akwai, kasko da wuƙa da katakon yanka daban ne? Ana sa giya a girki? In ya amsa kai tsaye, madalla. In ya fara sosa ƙeya, ka yi masa godiya ka fito.

Kada kuma ka ɗauka girkin Sinawa da halal ba sa ga maciji. Ƙasar Sin tana da Musulmi sama da miliyan 20. Shahararriyar taliyar birnin Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gabanka a tsoma cikin romon naman sa, wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai suna Ma Baozi ne ya fito da ita a 1915. Mutanen Xinjiang gwanaye ne wajen tsiren rago. A Guangzhou akwai tsohon masallacin Huaisheng, wanda Musulmin can ke jingina asalinsa ga sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Alhazan Kwari da ke zuwa sari ba azumi suke yi har su dawo ba.

Sai tsarin zama. Teburin da'ira ne, yana cin mutum 10 zuwa 12, a tsakiyarsa akwai faifan gilashi mai juyawa, a kansa ake jera abinci. Kujerar da ta fi nisa da ƙofa, mai fuskantar masu shigowa, ita ce ta babba. Nan Hajiya za ta zauna. Na san har ka fara auna kanka a kanta da babbar riga. A'a. Mai gayya wurinsa kusa da ƙofa, inda ma'aikata ke shige da fice, inda kuma takardar kuɗi za ta same shi ba tare da ta sha wuyar nema ba. Duk farantin da aka kawo, a juya faifan ya tsaya gaban Hajiya tukuna. Ba mai kai hannu sai ta kai. Ba a kuma juyawa alhali wani yana tsakiyar ɗiba. Wannan ka nanata wa samarin gidanka tun a mota, don jininka ne: kafin a kawo miya sun mai da faifan nan sitiyarin motar haya ta Kwangila, kifi ya tashi sama ya sauka a cinyar Gwaggo.

Wajen oda ne ake gane baƙo. Ba kowa ke kiran farantinsa ya rungume ba. Kala-kala ake kawowa a ajiye a tsakiya, kowa ya ɗiba kaɗan zuwa ƙaramin kwanonsa. A nan ba ka da uzuri, da tire ɗaya aka raine ka. Ƙa'idar da aka saba ita ce yawan kalolin abinci ya yi kusa da yawan mutanen da ke tebur, kuma a gauraya: kaza, naman sa, kifi, ganye iri biyu, miya, taliya, shinkafa. Kada ka bari yara su yi oda, soyayyar shinkafa faranti 12 za ka biya. Ka kuma sani a liyafar Sinawa shinkafa can ƙarshe take zuwa, don mai cikon ciki ce kawai. Ina hango ka kana zaune kana ɗan taɓa nama, kana leƙen ƙofa kana jiran a kawo abinci, har a ajiye yankakkiyar kankana, alamar an tashi. Ka gaya musu tun farko mu Hausawa ne, su kawo shinkafa tare da komai.

Girkin nasu ma ba iri ɗaya ba ne, su kansu manyan salo 8 suke lissafawa. Biyu sun ishe ka. Na lardin Guangdong sassauƙa ne, turare da tafashe sun fi yawa, yaji kaɗan. Na lardin Sichuan kuwa wuta ne, kuma bayan barkono suna da wani ɗan ƙwaya mai sa leɓe da harshe su yi dundurusu, ka rasa gane ko bakin naka ne. Kai ka ci wannan, ko Allah zai sa mu huta da surutunka na rabin awa. Hajiya a kawo mata turararren kifi sukutum da kansa da jelarsa, an yayyanka masa citta da ganyen albasa, a juya kan ya fuskance ta, don haka suke yi wa babba. Ka ce a rage gishiri da baƙin ruwan waken suya da suke zubawa, shi ma gishiri ne zalla, kuma ka san maganar hawan jininta. In akwai wanda gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa da ƙaiƙayi, ka faɗa tun kafin a ɗora kasko. Agwagwar Beijing da ka ce ka gani a fim, wadda ake hura wa iska tsakanin fata da tsoka, a rataye ta ta bushe sannan a gasa, ba a yin ta nan take. In suna yi, sai an sanar da su tun ana gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambayi kuɗinta kana zaune, kada ka faɗi.

Akwai wani faranti da nake so in kasance kusa da kai in an kawo shi. Za ka ga sunansa a takarda, tofu, za ka gyara hula ka kira shi da murya ta 'yan boko. Za a kawo shi cikin kwano mai zane, 'yan farare masu kusurwa huɗu suna iyo cikin jar miya. Hajiya za ta ɗauki ɗaya da cokali, ta kai baki, ta tauna, ta dube ka, ta ce: "Ɗan nan, ashe awara ka kawo mu ci tun daga Zariya?" Kuma ta yi gaskiya. Waken suya ne aka jiƙa, aka markaɗa, aka tace, aka dafa ruwan aka tsinka shi, aka matse. Sinawa sun fi shekara 1,000 suna yi, yarinyar da ke soyawa a ƙofar gidanku ma ta iya. Bambancin kawai nata da yaji da kabeji ne, kuma ba a kawo takarda a ƙarshe. Cittar da ke kan kifin, jiharku ce ke noma irinta a Kachia. Man riɗin da ke tashin ƙamshi, Sin na cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya, ka je Dawanau ka ga buhuna. Kayanmu ne za a sayar maka, an ɗora musu kuɗin kwano.

Yanzu tsinkaye. Za a ajiye wa kowa biyu a gefen faranti. Na ƙasa ana kwantar da shi a gindin babban yatsa ya jingina da yatsan zobe, ba ya motsi. Na sama shi ake riƙewa da yatsu uku, shi ke hawa da sauka. Na gaya maka ne don kada ka ce ban faɗa ba, amma ban sa rai ba. Hannun da ya saba kwasar fate ba a dare ɗaya yake koyon tsintar ƙwayar gyaɗa ba. Abin da nake roƙo ka kiyaye shi ne kada ka soka su a tsaye cikin shinkafa, don a wajensu hakan na tuna turaren tsinke da ake kunna wa mamaci, mugun fata ne a taron tsawon rai. Kada ka nuna mutum da su, kada ka yi kiɗa da su a bakin kwano, kada kuma, don girman Allah, ka yi sakace da su. Ka nemi cokali, ba wanda zai kama ka. Hajiya kuwa in ta ce a kawo ruwa ta wanke hannu, a kawo. Ranarta ce, kuma hannun nan shi ya ciyar da kai.

Abincin ranar haihuwa a wajensu taliya ce, doguwa, wadda suke kira ta tsawon rai. Ba a karya ta wajen dafawa, ba a yanka ta wajen ci, tsawonta fata ne na tsawon kwana. Mu mun san rai a hannun Allah yake, ba a hannun mai murza taliya ba, amma fatan alheri ne, ba a ƙin sa. Ka dai ja kunnen uwargida, don ta saba kakkarya taliya gida uku kafin ta jefa a tukunya, kada ta ga doguwa ta ɗauko wuƙa ta ce za ta taimaka wa surukarta. Ga tsofaffi kuma suna yin wani turararren burodi mai siffar ɗan itacen da suke ɗauka alamar daɗewa, da zaƙi a cikinsa. In ka nace sai an kawo kek, a kawo, amma kada ka kunna kyandir 60 ka ce baiwar Allah ta hure. Za ta tambaye ka ko wuta aka ɗauke. Batun kyauta kuma, na ji kana shirin agogon bango. Basine ba ya ba tsoho agogo, a wajensu kamar kana ƙirga masa sauran kwana ne. Abin da suke bayarwa kuɗi ne cikin jan ambulan. Ka ga al'ada mai kyau. Na san ita ce za ka ce ba ta dace da tarbiyyarmu ba.

Shayi za a yi ta zubawa tun daga zama har tashi, ba madara, ba sukari, cikin 'yan kofuna da ba su kai cikin tafin hannu ba. Gwaggo za ta kurɓa ta tambaya ko wani ne ba shi da lafiya. A ladabinsu ƙarami ne ke zuba wa manya, nasa kofin shi ne na ƙarshe. Ka ɗauki butar da kanka ka zuba wa Hajiya. Wannan hoton shi ya cancanci a ɗauka.

Ka ce ku 12 ne. Ni ma na ce amin. Ka gaya wa ƙanwarka, ita ta gaya wa kishiyarta don kada a ce ta ɓoye, kishiyar ta gaya wa maƙwabciya don ta riƙe mata yara, maƙwabciyar ta ga ai gara ta taho da yaran. Direban bas ɗin da ka ɗauko shata ba zai zauna a waje yana jin ƙamshi ba. Ga 'yan uwanku da ke zaune a Kano suna cin arzikinmu, duk za su ji labari. Ka ƙirga da kyau, ka ƙara tebur na biyu don yara da 'yan gayyar soɗi, ka nemi keɓaɓɓen ɗaki in suna da shi, don mata su sake su ci abinci ba idon baƙi a kansu. Ka tambayi wurin alwala da salla, ka sa lokacin bayan Isha'i, kada a kawo kifi da zafinsa ladan ya kira Magariba.

Sai babbar magana. In aka gama liyafa a ƙasar Sin, za ka ga manyan mutane suna ture juna a gaban mai karɓar kuɗi, kowa na rantsuwa shi zai biya. Wani ma sai ya yi kamar zai zaga bayi, ya lallaɓa ya biya a ɓoye. Rabin wannan al'ada ka daɗe da iyawa, wato tashi zuwa bayi daidai lokacin da aka kawo takarda. Saura rabin. Ka tuna farashin da ke rubuce ba shi ne ƙarshe ba, akwai harajin kashi 7.5 cikin 100, wasu gidajen kuma suna ɗora ladan hidima. Ka nemi jimilla tun kafin ranar, ka zo da kati, ka zo da tsabar kuɗi, don na san bakinka da "netwok ya ɗauke". Ni kuma kada ka kalle ni. Bakano ba ya rabuwa da kuɗinsa sai da rasit da riba. Abin da ya rage a faranti a ƙulle muku shi ku tafi da shi, ba abin kunya ba ne. Sinawa ma suna yi, har doka suka kafa a 2021 ta hana almubazzaranci da abinci. Wannan dokar ko a Zazzau aka kafa ta ba za ta kama kowa ba, ku da ba ku barin ko ƙanzo.

To, ga hukuncin ubangidanka. Niyyarka mai kyau ce, na yaba, abin da ba na yawan yi wa Bazazzage. Amma ka aro kwanon Sinawa ka bar ladabinsu a baya, alhali ladabin nan ba baƙo ba ne a wajenka, shi aka koya maka tun kana rarrafe: babba ya fara, babba ya ƙoshi, ƙarami ya yi hidima. Ka je gida, ka cire takalmi, ka durƙusa gaban Hajiya ka tambaye ta abin da ranta ke so. In ta ce tana son ta ga yadda Sinawa ke cin abinci, bismilla, ku taho, ka kuma sa a riƙo mata kular tuwo da miyar kuka a mota saboda tsaro. In ta ce ita dai a dafa fate a tsakar gida, a tara mata jikoki, a yi sadaka, a yi wa iyayenta addu'a, to ka yi hakan, kuɗin agwagwar ka sa mata a ambulan. Ko ta ina aka yi, kada tsohuwar nan ta kwana da yunwa a daren da aka ce nata ne. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, kai kuma ya shirye ka.

Ka huta lafiya.

Ubangidanka, Bakano.